Kurakuran da ake yi wajen cewa kharshana ta ragu a Bahar Maliya

Duk Bahaushen da ya taɓa bin masunta daga Sawakin zuwa tsibirai ya san kharshana, tsuntsuwar nan mai siririn baki da wutsiya kamar almakashi, wadda ke shawagi sannan ta faɗa ruwa ta cafko ɗan kifi. Da ita ma masunta ke gane inda kifi ya taru. A majalisun Bur Sudan ba ka rasa dattijon da zai ce maka, "Yaro, ai ta ƙare, ba kamar da ba." Yana iya yin gaskiya, amma hanyar da aka bi aka yanke hukuncin ce ke da gyara.

Babban kuskure shi ne a je tsibiri guda a tarar da shi wayam, sai a ce tsuntsaye sun ƙare. Kharshana, musamman mai tukku da ruwan lemo a baki, ba ta da amana da wuri. Bana ta cika wannan tudun yashi, baɗi ta kwashe ta koma wancan. Gyaran shi ne a zaga duk tsibiran yanki a kaka ɗaya, a kuma maimaita shekara da shekaru, a watanni iri ɗaya. Yawancinsu da zafi suke ƙwai, daga wajen Mayu zuwa Agusta. Wanda ya je a Janairu ya sha iska ne kawai.

Sai masu ƙirga tsuntsaye a sama. Wa zai ƙirga garken da ke juyawa yana kuka? Sheƙa ake ƙirgawa, ko da yake sheƙar ɗan gurbi ne a yashi mai ƙwai ɗaya ko biyu, launinsu ya saje da tsakuwa har ka taka ba ka sani ba. Akwai kuma mai baƙin baya da ke ɓoye nata ƙarƙashin ciyayi da kogon dutse, kullum ana rage mata lissafi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne shiga tsibiri da tsakar rana. Iyaye su tashi, rana ta dafa ƙwai, nauras, wata tsuntsuwar teku mai cin ƙwai, kuma na gefe tana jira ta wawushe. Da sassafe ake shiga, a fita da wuri.

Yawan manya ma yana ruɗi. Kharshana na iya haura shekara 20, don haka ko ɓeraye, maguna da masu kwasar ƙwai sun hana 'ya'ya tashi, za a daɗe ana ganin garke cike. A Dungunab da tsibirin Mukawwar na gaɓar Sudan, da UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, ko a tsibiran Farasan ta ɓangaren Jizan a Saudiyya, ya kamata mai ƙirga ya koma bayan makonni ya rubuta 'ya'ya nawa suka yi fiffike.