Yadda ake rainon Mycobacterium smegmatis a ɗakin gwaji

Masu binciken tarin fuka sukan fara aiki da Mycobacterium smegmatis, 'yar uwar ƙwayar tarin fuka da ake samu a ƙasa da ruwa, wadda da wuya ta cutar da mai lafiya. Tana ninkuwa duk awa 3 zuwa 4, alhali ta tarin fuka sai ta kusa cika kwana guda. Nau'in da aka fi amfani da shi shi ne mc²155.

A narka giram 4.7 na garin Middlebrook 7H9 (abincin rainon ƙwayar) a ruwa tatacce mililita 900, a zuba gilisarol mililita 2. A dafa a tukunyar matsin tururi a digiri 121, a bari ya huce zuwa kusan 45, sannan a ƙara ADC (haɗin ƙarin abinci na albumin, dextrose da catalase) mililita 100. In aka zuba shi da zafi, sinadarin albumin da ke ciki zai lalace. A shuka ƙwayar, a ajiye a digiri 37 ana girgizawa.

Babbar matsalar ita ce dunƙulewa. Fatar ƙwayar tana da kitse mai kama da kakin zuma, don haka ƙwayoyin kan manne wa juna su yi gudaji, wasu su hau jikin kwalba. Da zarar haka ta faru, awon duhun ruwa da haske mai nanomita 600, wanda ake kimanta yawan ƙwayar da shi, ya daina faɗin gaskiya, ƙirgen kan faranti ma ya ragu, domin gudaji ɗaya tsiro ɗaya yake bayarwa. Maganinsa Tween 80 ne, wani sinadari mai aiki kamar sabulu, kashi 0.05 cikin ɗari, tun daga farko. Amma mai gwajin ƙwayoyin bairos masu cin bakteriya kada ya sa Tween, domin yana hana su kama ƙwayar.

A farantin 7H10 (daskararren abincin raino), tsiron yakan fito cikin kwana 2 zuwa 3, busasshe mai tattarewa. Wanda ya fito dare ɗaya, mai santsi da sheƙi, wata baƙuwar ƙwaya ce ta shigo. Rinin Ziehl-Neelsen zai raba gardama, domin ta gaskiya ja take fitowa. A ɓoye farantan daga haske.

A sa safar hannu, a dafa sharar kafin a zubar, tunda ƙwayar takan shiga rauni jefi-jefi. Kuma kada a ɗora mata abin da ba ta iya ba: ƙwayoyin garkuwar jiki suna kashe ta da wuri, saboda haka duk sakamakon da ya shafi haddasa cuta sai an sake gwada shi a kan ƙwayar tarin fuka kanta.