Yadda ake sayen tsofaffin agoguna, kayan katako da lambobin soja a gwanjon Ingila

Duk baƙon da ya shigo falona sai ya tsaya gaban dogon agogon nan na tsaye ya tambaya a ina na samo, wani ma cewa yayi ai wannan sai gidan sarauta. Toh a gwanjo na saye shi, a wani ɗan ƙaramin gari a arewacin Ingila, kuma abun da na biya bai kai kuɗin sabuwar waya mai kyau ba. Amma kafin in kai ga wannan sai da na sha wuya a kan wani, shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda harkar take don wanda ke da sha'awa.

In ka ji gwanjo kar hankalinka ya tafi Ƙofar Wambai wajen 'yan riguna. Nan ana fito da kaya ne ɗaya bayan ɗaya kowanne da lambarsa, jama'a na tayi, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Bambancinsa da cinikinmu na gida shi ne, a kasuwa ka taya mai kaya yace albarka, ka ƙara yace albarka, kayi kaman zaka tafi ya kira ka ya sallama, kana da lokacin tunani. A gwanjo ba da mai kaya kake ja ba, da wani kake ja can bayan ɗaki ko a intanet wanda ko fuskarsa baka gani, kaya ɗaya sau da yawa ko minti ɗaya baya kaiwa, kuma da guduma ta sauka ciniki ya faɗa, babu na fasa. Ba mai ce maka albarka a wurin, kai zaka ce wa kanka.

Manyan gidajen da kowa ya sani su ne Sotheby's da aka kafa a 1744 da Christie's a 1766 da Bonhams, amma dan Allah kar ka fara daga can. A garuruwa da yawa a Ingila akwai ƙaramin gidan gwanjo da ke saida kayan gidajen da aka kwashe, tsoho ya rasu 'ya'ya basu son tarkace, a tattara a kawo. Nan ne wurin koyo. Yawancinsu zaka ga jerin kayansu da hotuna a shafukan intanet irin su the-saleroom ko Easy Live Auction kwanaki kafin ranar.

Abu na farko da zaka haddace shi ne la'ada. Kuɗin da guduma ta sauka a kai ba shi zaka biya ba. Gidan gwanjo na ɗora nasu kason a kan mai saye, galibi tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sannan a ɗora harajin VAT kashi 20 a kan la'adar. Misali ka ci kaya a fam 200 a gidan da ke karɓar kashi 25, la'ada fam 50, haraji a kanta fam 10, ka koma 260 kenan, in ta intanet ka taya sau da yawa akwai wani ɗan kason na dandalin, sannan ga kuɗin motar da zata kwaso maka, in ka bar kayan suka kwana biyu kuma a fara lissafa maka kuɗin ajiya. Ni abun da nake yi, ina rubuta iya abun da zan iya fitarwa gaba ɗaya, in zare duk waɗannan, abun da ya rage in rubuta shi da biro a gefen lambar kayan. In tayi ya wuce nan in sauke hannu ko da raina na so. In ka san kai mai zafin zuciya ne ma kar ka je ranar, ka bar musu tayinka a rubuce su taya maka har iya inda ka tsaya.

Ƙiyasin farashin da suke sawa a jerin kayan kuma kar ya ruɗe ka, wani lokacin da gangan ake sa shi ƙasa don a jawo mutane. Ka kuma lura da yadda suke rubutu. In sun ce tebur "George III" suna nufin na zamanin sarkin ne, 1760 zuwa 1820. In suka ƙara kalmar "style" a baya toh kwaikwayo ne, zai iya yiwuwa ko shekara hamsin bai yi ba. Kalma ɗaya tak, amma ita ce tsakanin fam 80 da fam 800.

Ana ware ranar duba kaya kafin ranar gwanjo, ka je da tocila da tef ɗin awo, an yarda ka taɓa ka buɗe ka leƙa ƙasa. In bazaka samu zuwa ba ka tura musu saƙo su aiko maka bayanin lafiyar kayan a rubuce da ƙarin hotuna, kyauta ne.

Yanzu agogo. Dogayen nan na tsaye iri biyu ne. Akwai mai kwana 8, zaka ga ramuka biyu a fuskarsa inda ake sa makulli a yi masa wani sau ɗaya a mako, akwai kuma mai awa 30 wanda kullum sai ka buɗe ƙofar cikinsa ka ja sarƙa ko igiya. Mai kwana 8 ya fi daraja, har ta kai wasu masu awa 30 ɗin an zana musu ramukan ƙarya da fenti don su yi kama da na masu kuɗi, saboda haka ka sa yatsa ka taɓa. Fuskar tagulla ita ce ta da, fuska fara mai zanen furanni ko jirgin ruwa ta fara yaɗuwa ne daga Birmingham a shekarun 1770. Sunan maƙerin da garinsa yawanci suna rubuce a fuskar.

Babban ciwon agogon tsaye shi ne abun da 'yan harkar ke kira aure, wato an ɗauko inji daga wani agogon an sa shi a akwatin wani. Ni shi ya cinye ni a karon farko. Na ga hoto a intanet, akwati na sheƙi, fuska ta sha zane, ban je dubawa ba na taya na ci, ina ta murna na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo. Mutumin nan bai ce komai ba, ya zare hular agogon ta gaba, ya haska tocila a kan katakon da injin ke zaune a kai yace in duba. Sai ga wasu 'yan guntayen katako sababbi fes an cusa a ƙasa don a ɗaga injin ya kai daidai gilashi, ga tsofaffin ramuka biyu a gefe da ba su dace da komai ba, da ya maida hular kuma sai na ga ashe fuskar bata ma cika tagar ba, akwai ɗan gibi a sama da yatsa zai shiga. Agogon na aiki fa, amma darajarsa ta faɗi warwas. Tun daga ranar duk agogon da na gani hular nake fara zarewa.

Ka tabbata ɗan lilon nan da ke kai-komo yana nan, da nauyayan ƙarafan da ke rataye, da makulli. In an rubuta ba a gwada ba ka ɗauka baya aiki. Kuma ka sani wankin inji da gyara wajen gwani na iya fin kuɗin agogon kansa, musamman ƙananan nan na kan kanta masu kiɗan Westminster na shekarun 1930 irin na kamfanin Smiths, suna nan birjik da arha amma gyaransu ba arha ba. Ranar ɗauka ka cire lilon da ƙarafan ka naɗe daban, in ba haka ba ɗan siririn ƙarfen da lilon ke rataye a jiki zai karye tun kafin ka fita layin. Ka auna rufin ɗakinka ma, da yawansu sun haura mita 2.

Kayan katako bazan daɗe a kai ba don su ne suka fi sauƙi yanzu. Turawan yau basu son manyan kabad da tebura masu duhu, gidaje sun ƙanƙance, farashi ya zube sosai in aka kwatanta da shekaru ashirin da suka wuce, zaka iya samun kabad mai durowa na zamanin Sarauniya Victoria, 1837 zuwa 1901, ƙasa da kuɗin sabo na kanti. Ka zaro durowa gaba ɗaya ka duba haɗin gefenta, in haƙoran haɗin basu yi daidai da juna ba aikin hannu ne, in sun jeru cif kaman an buga da inji toh na baya-baya ne. Ka duba baya da ƙasa, tsohon katako baya zama fari tas. Ƙananan ramuka kaman na allura ƙwaro ne, in ka ƙwanƙwasa ka ga gari na zubowa yana ciki da ransa, kar ka kai shi gida ya shiga sauran kayanka. Jan katakon da suka fi yi da shi ɗan uwan maɗacinmu ne, sai dai nasu na da daga su Jamaika da Kuba da Honduras aka riƙa kawowa. Duk abun da ke da hauren giwa a jiki kuma ka yi hattara, tun watan Yuni 2022 dokar Birtaniya ta hana cinikinsa sai 'yan kaɗan da aka yi wa rajista.

Lambobin soja, waɗanda tsofaffinmu ke ce wa minda, su ne suka fi kama ni, kuma a nan ƙarfen ba shi ake saye ba, sunan da ke jiki ake saye. Lambobin Birtaniya na yaƙin duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918, an buga lambar aikin sojan da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a jiki, masu zagaye a bakin gefe, masu siffar tauraro kuma a baya. An raba miliyoyinsu shi yasa na sojan da ba a san shi da komai ba basu da tsada, da su ya kamata ka koyi karatu. Da sunan nan zaka iya neman katinsa a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew, in a yaƙin ya mutu kuma hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth na da sunansa a intanet. Na yaƙin Hitila kuwa yawanci ba suna aka raba su, saboda haka Burma Star, wato lambar da aka bai wa waɗanda suka yi yaƙi a Burma, ita kaɗai ba takarda ba hoto bata da wani tsada, ga jabu ya cika kasuwa. Abun da ke ɗaga ta shi ne takardar sallama ko littafin albashi ko wata lamba mai suna da ta zo tare da ita.

Ka riƙe gefen lambar a haske ka juya ta a hankali. In wani sashe ya fi sauran siranta ko sheƙi, an goge sunan asali ne an buga wani. Kar ka goge ta da man goge ƙarfe, kar ka yar da tsohon ƙyallenta ko ya koɗe, kuma lambobin mutum ɗaya ba a raba su, tare suke da daraja.

Inda abun ya shafe mu shi ne nan. Kakanninmu da yawa sun yi soja a rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi a Burma, daga can ma aka samo sunayen barikin Dodan da na Myohaung a Legas. Kafin nan akwai wata lamba da aka ƙirƙiro a 1902 mai suna Africa General Service Medal, ana maƙala mata ɗan siririn ƙarfe a kan ƙyalle mai nuna yaƙin da mutum ya halarta. Mai rubutun N. Nigeria 1903 na cin Kano da Sakkwato ne, mai 1906 na Satiru da Haɗeja. Waɗannan suna da suna a gefe, kuma sau da yawa sunan Bahaushe zaka gani, magatakardan Bature ya rubuta yadda kunnensa ya ji, Awudu ko Garuba ko Momadu, a liƙa masa sunan gari a matsayin sunan uba. Ranar da na fara riƙe ɗaya a tafin hannuna wallahi jikina yayi sanyi, azurfa ce 'yar ƙarama ta yi baƙi-baƙi, kan Sarki Edward a gaba, a gefe ga sunan mutumin da watakila yana cikin waɗanda suka tsaya a bayan ganuwar Kano a Fabrairun 1903 da bindigar Nasara a hannu. Ban san ko tausayinsa zan ji ko haushi ba, har yanzu ma ban gama yanke hukunci ba.

Irin waɗannan sun fi fitowa a gidajen da suka ƙware kan lambobi a Landan kaman Noonans da Spink, kuma tsofaffin sakamakon cinikinsu na nan a intanet, ka duba nawa irinta ta tashi a baya kafin ka sa naka iyakar. A dandalin gwanjo ka ajiye kalmomin nema irin su Nigeria Regiment da W.A.F.F., wato taƙaitaccen sunan waccan rundunar Afirka ta Yamma, su riƙa turo maka saƙo duk sanda wani abu ya shigo, don wani lokacin a ƙaramin gidan ƙauye take ɓullowa cikin kwalin tarkace.

In kuma a gidanku ne akwai ta kaka a ƙasan adaka, kar ka saida wa dillali ko nawa ya taya. Ka ɗauki hotonta gaba da baya da gefe, ka nemo duk wata takardar da ta rage, ka zaunar da tsohuwar da ta san shi ta faɗa maka shekarar da ya tafi da barikin da aka ɗauke shi, ka rubuta ka naɗe tare da lambar.

Waccan ta 1903 ɗin dai ban same ta ba. Wani ta waya ya bi ni har ya wuce abun da na rubuta da biro da tayi biyu, na sauke hannu, matar da ke gefena ta ɗan kalle ni tayi murmushi, aka kira lamba ta gaba.