Yadda za ka yi aiki da abokan hamayya in kun ɓalle a tseren keke

A tseren keke na kan titi iska ce ke cin ƙarfin mutum. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage wahala kusan kashi 30 cikin 100, a tsakiyar babban ayari kuwa abin ya fi haka nesa, to duk dabarun daga nan suka samo asali.

A ce kun ɓalle daga ayari ku biyar, kowa da ƙungiyarsa. Kar ku tsaya kallon-kallo, ku fara karɓa-karɓa nan take, ka ja gaba na ɗan lokaci, ka kaɗa gwiwar hannu alamar na baya ya karɓa, sai ka zame ta ɓangaren da iska ke bugowa ka koma ƙarshen layi. In gaba ta zo kanka don Allah kar ka fizga, riƙe gudun da ka tarar, don in ka tsinka layin ka galabaitar da mutanen da kake buƙata kuma kai kaɗai ba inda za ka kai. Masu sharhi kan ce ayari na iya cinye minti 1 a duk kilomita 10, da wannan za ka auna ko ratarku za ta isa.

Kullum sai an samu ci-ma-zaune, wanda ya manne a baya ya ƙi ja. Kafin ka yi masa tsawa duba rigarsa tukuna, in kyaftin ɗinsa na cikin ayarin da ke biyo ku to yana da hujja, ba zai taya ku guje wa nasa ba. In kuma ƙafa yake ajiyewa kawai, ku riƙa kai masa hari, wato fizgar gudu ba zato, ɗaya bayan ɗaya har ya gaji da bi.

Wannan dabarar manyan ƙungiyoyi ma ita suke yi. A Tour de France, babban tseren keke na Faransa da ake yi mataki-mataki, tun 2018 mutum 8 ne a kowace ƙungiya, yawancinsu aikinsu tare wa kyaftin iska da ɗebo masa ruwa daga mota. A 2022 mataki na 11, Roglic da Vingegaard na ƙungiyar Jumbo-Visma suka yi ta kai wa Pogacar, wanda ke kan gaba a gasar a lokacin, hari bi da bi, shi kuma ya dinga bin kowanne, da aka zo hawan dutsen Granon ƙarfinsa ya ƙare, rigar ruwan ɗorawa da na kan gaba a gasar ke sawa ta koma wuyan Vingegaard. Amma a mataki na 18 da Pogacar ya faɗi a gangare Vingegaard ya jira shi har suka yi musabaha, ni dai wannan ɗabi'ar tana burge ni sosai, kuma wanda ya ci amanar irinta gobe ba mai taya shi ja.

Haɗin kan yana da wa'adi fa. In ka san ba ka da gudun ƙarshe kar ka kai mai gudu bakin layi a bayanka, ka kai harinka tun da sauran 'yan kilomitoci, a kan tudu in akwai, daidai lokacin da mafi ƙarfinsu ya gama jan nasa yana haki.