Babi na Tara: Nema wa Yaro Gurbin Karatu ta Waya

Wannan babi na iyaye ne masu ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare. A Najeriya, mai son shiga jami'a ko kwalejin ilimi ko foliteknik sai ya bi ta hannun JAMB, hukumar da ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda aka kafa a 1978. A da fom ake cikewa da biro, yanzu kuwa komai ya koma waya da kwamfuta. Kada gabanku ya faɗi. Duk wanda ya iya tura saƙon tes zai iya abin da ke cikin babin nan. Kowa ya fito da wayarsa ya riƙe, mu fara.

Darasi na 1: Yaro ɗaya, layi ɗaya

Abu biyu yaro yake bukata kafin komai: lambar NIN da layin waya. NIN ita ce lambar katin ɗan ƙasa, lambobi 11 ne a jere, kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. Ta yaron ake so, ban da ta uba, ban da ta uwa. Ku ɗauko takardar NIN ɗin ku ajiye ta kusa da takardun makarantarsa, ku bi sunan harafi bayan harafi, ku duba ranar haihuwa. Abin da ke jikin NIN shi JAMB za ta ɗauka. In can an rubuta Abdullahi, nan kuma Abdullah, a je ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a gyara tun da sauran lokaci.

Sai layi. Layin da yayansa ya yi rajista da shi bara ba zai yi ba, an riga an ɗaure shi da sunan yayan. A samo wa yaro layin da ba a taɓa yin JAMB da shi ba, a sa masa kati. Kati na ce, ba data ba.

To ga wurin da aka fi yin tuntuɓe. Ku buɗe wurin tura saƙo, na tes, ba WhatsApp ba. Ku rubuta haruffa uku: N, sai I, sai N. Ku duba ƙasan haruffan, akwai wani dogon maɓalli. Ku taɓa shi sau ɗaya, shi ke ba da tazara. Sannan ku rubuta lambobin nan 11 a manne da juna. Ku tura wa 55019 ko 66019.

Mu sake. NIN, tazara ɗaya, lambobi 11. Babu ɗigo, babu waƙafi, babu sallama, babu sunan yaro. Inji ne ke karɓar saƙon, ba ya amsa gaisuwa. Kafin ku tura, ku ɗora yatsa a kan gilashin wayar ku ƙirga lambobin da ƙarfi. Kun sami goma? Ɗaya ta faɗi, ku goge ku sake. Sha biyu? Hannu ya danna wata sau biyu. Babu abin kunya a nan, masu digiri ma suna yin wannan kuskuren. A hankali dai: NIN, tazara ɗaya, lambobi 11.

Amsa za ta zo da wata lamba mai guda 10, ita ce masu rajista ke kira furofayil kod. Nan take a kwafe ta cikin littafi. Da ita za a biya kuɗin fom a sami fin, wato lambar shaidar biyan kuɗin, da ita za a yi rajista.

Yanzu ku saurare ni da kyau, don na gaji da maimaita wannan. Layin nan ba na aro ba ne. Ta kansa sakamako zai zo, ta kansa hukumar za ta nemi yaro. Kowace shekara sai wani uba ya shigo min hankali a tashe, wai mai shagon kwamfuta ne ya tura saƙon da layinsa, ga shi ya rufe shago ya bar garin. Ko a ce ƙanin yaro ya ɗauki sim ɗin ya sa a wayarsa ya ɓatar. Haba jama'a! Wane ne zai sayi fili ya bar takardar a hannun dillali? Ku riƙe layin, ku riƙa sa masa kati kuna kira da shi don kada kamfani ya rufe shi. Wanda ya ba da layinsa bayan ya ji wannan, kada ya zo min da kuka.

Darasi na 2: Zaɓen kwas

Darussa huɗu ake rubutawa a jarrabawar, jimillar maki 400. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kwas ɗin da yaro ke so ne ke yanke su. Mai son likitanci zai ɗauki Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniyanci, galibi Lissafi da Fiziks da Kemistiri. In aka haɗa darussan ba daidai ba, komai yawan makin yaro, jami'a ba za ta ba shi kwas ɗin ba.

JAMB tana da kundi a intanet mai suna IBASS. A ciki ake zaɓar makaranta, a ce Jami'ar Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya, a zaɓi kwas, sai ya nuna darussan da ake bukata da kiredit ɗin WAEC ko NECO. Yawanci kiredit biyar ne, har da Turanci da Lissafi. Ku sa yaro ya buɗe a gabanku ya karanta muku, ku rubuta. Kada ku dogara da abin da abokinsa ya faɗa masa.

Darasi na 3: Ranar rajista

A cibiyar CBT, wato wurin rubuta jarrabawa da kwamfuta, wadda hukuma ta amince da ita kaɗai ake rajista. Yaro da kansa zai je, don za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Iyaye mata, kada a yi wa yarinya lalle a yatsu kafin rajista ko kafin jarrabawa, na'urar ba ta karanta yatsa mai lalle da kyau. A tafi da littafin da aka kwafe lamba, a tafi da layin. Kalmar sirrin shiga shafinsa na JAMB kuma yaro ya riƙe abarsa.

Darasi na 4: Sakamako da gurbi

In sakamako ya fito, a rubuta UTMERESULT a manne a tura wa 55019 ko 66019. Da wane layi? Kun sani.

Gurbin karatu a shafin CAPS yake fitowa, tsarin JAMB na ba da gurbi da aka fara a 2017. Sai an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a can tukuna. In gurbi ya fito, yaro ya danna wurin amincewa da wuri. A riƙa leƙawa.

Darasi na 5: Kuɗin makaranta

Akwai bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya, da aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati. Sai yaro ya sami gurbi ake nema. Ya tambaya a makarantarsa.

Aikin gida: kowa ya rubuta saƙon Darasi na 1 a littafinsa sau biyar, da tazarar a wurinta, ya kawo ranar Asabar.