Yadda zaka ciyar da karen dachshund ba tare da ka lalata masa baya ba

Toh mai dachshund, wannan ɗan karen mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, abu na farko da nake so ka riƙe shine yawan abincin da kake zuba masa yafi sunan kamfanin dake jikin buhun muhimmanci. Asalinsa daga Jamus ne, can aka samar dashi don ya riƙa kutsawa rami yana farautar wata dabba mai kama da dage, shi yasa ƙirar tasa take haka. Kuma Jamusawa na ji dashi sosai, har shi suka yi alamar gasar Olamfik ta Munich a 1972. Amma ƙirar nan tazo da matsala, guringuntsin dake tsakanin ƙasusuwan bayansa yana saurin lalacewa, wajen ɗaya cikin huɗu na irinsu sai sun gamu da ciwon bayan nan a rayuwarsu, wani har ƙafafun baya su shanye. Abin yana cikin jini, abinci kaɗai bazai hana ba, amma ƙiba tana ƙara dagula shi matuƙa. Ka ɗora dogon katako kan bulo biyu sannan ka rataya masa kaya a tsakiya, kaga abinda tumbi ke yiwa bayan karen nan kenan.

Fara da sanin wane iri gareka. Ƙaramin nau'in bai kamata ya wuce kilo 5 ba, babban kuma yana tsakanin kilo 7 zuwa 14 da ɗan wani abu. Mai kilo 5 da aka yiwa fiɗiya yana buƙatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke baiwa jiki, wajen 350 zuwa 400 a rana, mai kilo 10 wajen 600 da ɗoriya, kuma wannan mafari ne kawai, wanda ke wuni a kwance a falo sai ka rage masa. Ka duba bayan buhu kaga kalori nawa ne a giram 100 sai kayi lissafi, sannan dan Allah ka sayi ɗan sikelin kicin ka riƙa aunawa, domin awon kofi yaudara ne, yau ka cika shi gobe kayi masa tozo, kuma a jikin kare mai kilo 5 ɗan ƙarin nan na kullum shine yake taruwa ya zama tumbi cikin 'yan watanni kai baka ma ankara ba.

Kwikwiyo ɗan sati 8 zuwa wata 3 sau huɗu zai ci a rana, daga nan zuwa wata 6 sau uku, in ya wuce haka safe da yamma ya isa. Kar ka bar kwano cike yini guda, dachshund bai san ya ƙoshi ba. Ruwa kam ya kasance kullum a gabansa, mai tsafta, musamman lokacin zafi.

Nauyin karen a sikeli kaɗai bai isa ya nuna maka ko yayi ƙiba ba, hannunka zaka sa. Shafa gefen ƙirjinsa, ya kamata kaji haƙarƙari ba tare da ka danna ba. Tsaya a kansa ka kalle shi daga sama, ya zama akwai ƙugu bayan haƙarƙarin, daga gefe kuma cikin ya ɗan ɗage sama. In sai ka lalubo ƙashin da ƙyar toh yayi ƙiba, ka rage kashi 10 cikin 100 na abincin ka sake dubawa bayan sati biyu ko uku. Kar ka sa shi yunwar dole, a hankali ake saukewa.

Inda yawancin mutane ke faɗuwa shine wajen roƙo. Karen nan ya iya marairaice ido, kana cin abu zai zo ya zauna ya zuba maka ido har sai ka ji tausayi, kai ka bashi, yara su bashi, baƙo ya bashi. Duk wani ɗan taɓa-ka-lashe kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin ranar, kuma gara ka bashi karas ko kokwamba ko yankan tuffa da aka cire 'ya'yan. Ni abinda nafi so ma shine ka ɗebi kaɗan daga awon ranar ka ajiye a gefe, in yayi abin kirki ka bashi daga ciki.

Akwai abubuwan da sam basa shiga bakinsa. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini, kaga kenan ragowar miya da tsire mai yaji sun fita daga lissafi. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙoda. Cakulan, kofi, shayi, da goro duk guba ne gareshi. Cingam ko alewa mai sinadarin zaƙi da ake kira xylitol yana faɗar da sukarin jini cikin ƙanƙanin lokaci. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Sai kitse da fatar kaza da soye-soye, waɗannan kan jawo kumburin fankiriyas, wata gaɓa ce a ciki dake taimakawa wajen narkar da abinci, kuma dachshund na cikin karnukan da abin yafi kamawa, don haka lokacin biki da nama yayi yawa a gida ka sa ido sosai. Madarar shanu ma takan sa wasunsu zawo.

In abincin buhu kake saye ka nemi wanda aka rubuta cikakke ne kuma ya dace da shekarunsa, ka rufe shi ruf a wuri mai sanyi don zafi na sa man ciki ya lalace. In girki kake masa a gida, shinkafa da kaza zalla basu isa ba, babu isasshen sinadarin kalsiyam, sai likitan dabbobi ya tsara maka abinda zaka ƙara. Canjin abinci kuma a yishi cikin sati guda, kana gauraya sabo da tsoho kaɗan kaɗan.

Ranar da kaga ya ƙi cin abinci, yana ƙanƙame baya, yana kuka in an ɗaga shi ko yana jan ƙafafun baya, kar ka tsaya canza masa abinci ko bashi maganin ciwon jiki na mutane. Ka sa shi a keji ya daina motsi, in zaka ɗauke shi hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ƙugu, ka kai shi wajen likita a ranar.