Kurakuran da Ake Yi Wajen Zaɓar Makarantar Koyon Jinya a Kaduna

Da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, gidaje da yawa a Rigasa, Kawo, Tudun Wada da Unguwar Rimi sukan zauna kan shawara ɗaya: yarinya ko yaro na son karatun nas, ina za a nufa? Yawanci da maganar kuɗi ake farawa, sai a bi da wadda ta fi kusa da gida. Duka biyun suna da muhimmanci, amma akwai tambayar da ta riga su, kuma tsallake ta ne ke jawo asarar da ba ta gyaruwa.

Tambayar ita ce ko Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN, ta amince da makarantar. Dokar 1979 ce ta kafa wannan majalisa, kuma ita kaɗai ke shirya jarrabawar zama nas, ita ke ba da lasisi. Wanda bai da lasisinta, ko shekara nawa ya yi yana sa farin kaya, ba nas ba ne a idon doka. Mutane da yawa sukan ga gini mai fenti, da allo mai ɗauke da tambarin hukumomi, da ɗalibai cikin yunifom, sai hankalinsu ya kwanta. Allo kowa na iya rubutawa. Majalisar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet. A duba sunan makarantar a can, a kuma duba ko kwas ɗin da ake so ne aka amince mata, domin ana iya ba makaranta izinin koyar da ungozoma ba a ba ta na jinya ba.

Ko makarantar na cikin jerin, magana ba ta ƙare ba. Kowace makaranta tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka, kuma dole a yi wa kowane ɗalibi rajista da Majalisar a ba shi lamba, abin da ɗalibai ke kira indeksin. Wanda ba a yi masa ba, ba zai zauna jarrabawar ƙarshe ba. Idan makaranta ta kwashi ɗalibai fiye da adadinta, rarar su ne ke zaman jira, 'yan ajinsu na fita suna nan. Abin tausayi ne ka ji uwa tana tambaya, "Ke Ummi, ba tare kuka shiga da 'yar gidan maƙwabta ba? Ya ita ta gama ke kina nan?" ita kuma ta ce, "Wallahi Mama, har yanzu lambata ba ta fito ba." Maganin wannan tun kafin a biya ko sisi ne. Uba ko yaya ya taka da ƙafarsa har ofishin rajista ya tambaya: mutum nawa aka ba ku izinin ɗauka, nawa kuka ɗauka bara, nawa suka samu lamba? Sannan ya nemi ɗaliban ajin ƙarshe a bakin ƙofa ya ji ta bakinsu. Su ba su da abin ɓoyewa.

Wani ruɗanin shi ne ɗaukar duk karatun lafiya a matsayin karatun nas. Kwas ɗin kiwon lafiyar al'umma, wanda aka fi sani da CHEW, sana'a ce mai daraja, kuma masu ita ne ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Sai dai hukumar da ke ba su lasisi daban ce, matakin aikinsu ma daban. Haka nan koyon allura da ɗaura ruwa a asibitin kuɗi na unguwa ba ya ba da wata takardar da gwamnati za ta karɓa. Wanda ke son zama nas ya tabbatar da sunan takardar da zai fita da ita tun ranar sayen fom.

Sharuɗɗan shiga ba su da wani ɓoyo: kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji, a zaman da bai wuce biyu ba. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai shigar da yaro da kiredit huɗu, matsala yake sayar muku, domin a wajen indeksin za ta fito.

A ɓangaren kuɗi, kuskuren shi ne lissafa kuɗin zangon farko kawai. Akwai yunifom da takalma, na'urar awon jini da ta sauraren ƙirji, littattafai, kuɗin indeksin, kuɗin jarrabawar Majalisa, ɗakin kwana, abinci, da kuɗin mota zuwa asibitin da aka tura ɗalibi koyon aiki. A makarantu da dama kuma akwai jarrabawar tankaɗe da rairaya bayan watannin farko, wadda ake kira PTS, kuma wanda ya faɗi kan koma gida ba tare da an mayar masa da kuɗinsa ba. Don haka a ɗauki biro da takarda a lissafa shekarun duka, a bar wani abu a gefe saboda ƙarin kuɗi. Makarantun gwamnati sun fi sauƙi, shi ya sa cunkoson neman gurbi ya fi yawa a can. Gara a nemi biyu ko uku lokaci ɗaya da a rataya rai kan guda.

Jihar Kaduna ba ta rasa wuraren zaɓi ba. Kwalejin jinya da ungozoma ta jiha tana da rassa a Kafanchan, Tudun Wada da Pambegua. A Zariya akwai makarantar asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ta St. Luke's a Wusasa, a cikin garin Kaduna kuma akwai ta St. Gerard's a Kakuri. Iyaye, musamman na 'ya'ya mata, sun fi son inda za a kwana a gida, kuma na fahimci dalilinsu. Amma a tuna ɗalibar jinya tana aikin safe, tana na yamma, tana na dare. Wadda za ta fito daga Rigasa da asuba, ta hau Keke Napep biyu kafin ta isa bakin aiki, ta dawo ta tarar da wanke-wanke, ta fi wadda ke ɗakin kwanan makaranta a Zariya shan wahala, duk da cewa tsakanin Zariya da Kaduna kimanin kilomita 80 ne. A ra'ayina, abin da ya fi batun nisa muhimmanci shi ne asibitin da makarantar ke jingine da shi. A je a gani: gadaje nawa, akwai marasa lafiya a kwance, ana karɓar haihuwa kullum, akwai tiyata? Hannu ba ya faɗawa a kan mutum-mutumin roba kaɗai.

Batun aiki kuwa, an saba cewa nas ba ya rasa aiki, sai a ɗauka kowace takarda ɗaya ce. Tsohon tsarin shekara 3 yana komawa na ND da HND mai shekara 4, ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, da hedikwatarta ke nan Kaduna, kuma shiga ta hanyar JAMB ne. Digirin jami'a shekara 5 ne, sai shekarar sanin makamar aiki da hidimar ƙasa. Akwai kuma kwas ɗin jinya ko ungozoma na al'umma mai shekara 2, wanda aka tsara don yi wa karkara aiki. Mai burin koyarwa ko shugabancin sashe a babban asibiti ya fi dacewa da digiri. Mai son fara ɗaukar albashi da wuri ya bi kwaleji, ya ƙaro karatu daga baya. A tambayi makaranta a wane aji ake rubuta jarrabawar Majalisa, kada a yi zato.

Kaɗan ne ke tunanin ƙwarewa tun farko, alhali tana bakin ƙofarmu. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kunne ta Ƙasa duk suna horar da nas-nas masu lasisi a fannoninsu, kuma mai irin wannan ƙarin takarda ba ya cikin dogon layin masu neman aiki da takarda ɗaya.

Masu hangen ƙasar waje su ma su san cewa babu makarantar da ke iya yi musu alkawarin biza. Amurka na buƙatar jarrabawar lasisin nas ta NCLEX, Ingila na buƙatar shaidar iya Turanci ta IELTS ko OET tare da nata jarrabawoyin, kuma kowace za ta nemi NMCN ta tabbatar da lasisin, ana kuma iya neman makaranta ta aika da cikakken sakamakon karatu. Saboda haka a tambayi tsofaffin ɗalibai ko makarantar na fitar da wannan takarda cikin lokaci, sannan a adana lambar indeksin da kowane rasidi na biyan kuɗi tun daga zangon farko, a fayil ɗaya, tare da kwafinsu a waya.