Yadda Allon Bibiyar Aiki Ke Rage Shisshigin Shugaba

Shugaban da ke aiko da "ina aka kwana?" sau biyar a yini ba lallai ne mugun hali ke damunsa ba. Galibi a duhu yake. Shi za a tuhuma in aiki ya makara, ga shi ba shi da hanyar sanin halin da ake ciki sai ya tambayi mutum. Kowace tambaya kuwa katse ma'aikaci take yi, ta cinye lokacin aikin da ake tambaya a kansa. Abin yi shi ne a tanadi wuri guda da zai riƙa ba da amsa ba tare da an tashi kowa daga aikinsa ba.

Wurin shi ne allon Kanban, tsarin da ya samo asali daga masana'antar Toyota a Japan, wanda yanzu ake samu a manhajoji irin su Trello, Jira da Asana. Layuka huɗu sun isa a fara da su: Jiran Farawa, Ana Yi, Ana Dubawa, An Gama. Kowane aiki da katinsa, ɗauke da wa'adi, da sunan mutum ɗaya tak, da jimla biyu da ke bayyana abin da za a gani a ce an gama. In aka sa suna biyu, kowa zai zuba wa ɗan'uwansa ido.

Girman kati shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Kada aikin kati ɗaya ya wuce kwana 1 zuwa 3. Katin da aka rubuta wa "haɗa rahoton shekara" zai yi sati uku a layin Ana Yi ko motsi babu, shugaba ya duba yau ya duba gobe bai ga sauyi ba, sai ya koma ga tsohuwar al'adarsa ta kiran waya. A yanka shi: tattara alƙaluman wata uku na farko, rubuta babin kuɗi, kai daftari wurin mai dubawa. Motsin katin shi ke kwantar da hankali.

Sai a sa iyaka ga yawan katunan da ake yi lokaci guda, kamar biyu ga kowane mutum. Lissafin mai sauƙi ne, shi ake kira dokar Little: in tawaga tana gama kati 5 a sati, kuma tana riƙe da 20 a hannu, kowane kati zai ɗauki kusan sati 4. A rage su zuwa 10, ya dawo sati 2, ba tare da kowa ya ƙara ko awa ɗaya ba. Iyakar nan ta shafi shugaba ma. In ya zo da aikin gaggawa layi a cike, shi zai faɗi wanda za a ajiye.

Allo kaɗai bai isa ba, sai da yarjejeniya a rubuce kan lokacin da shugaba zai sa baki: in kati ya maƙale fiye da kwana ɗaya, in wa'adi zai gota, in kuɗi zai ƙaru, ko in ana son sauya abin da aka amince a yi. Duk abin da bai kai haka ba, mai katin ne ke yanke shawara. Wanda aikinsa ya maƙale ya sa jar alama, ya rubuta abin da yake jira da wanda yake jira. A saita manhajar ta aika sanarwa da kanta in kati ya yi kwanakin aiki 3 bai motsa ba, sauran sanarwar kuma shugaba ya kashe su. Wanda wayarsa ke ƙara duk lokacin da aka ja kati, da wuya ya iya kama bakinsa.

Rahoto sau ɗaya a sati, alƙaluma uku: katunan da aka gama, kwanakin da kati ke ɗauka daga farawa zuwa gamawa, da waɗanda suka maƙale. In ana taron safe na minti 15 irin na Scrum, wato wani tsarin gudanar da aikin tawaga, a bi allon daga katin da ya kusa gamawa a yi baya. Bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana mayar da taron zaman kotu.

Akwai hanyar da manhajar kanta ke zama bulala. Da zarar an fara jera sunaye ana ƙirga wa ya fi gama kati, mutane za su yanka aikin awa ɗaya gida uku, su guji mai wuya, su daina taimakon juna tunda taimako ba ya shiga lissafi. Abin da masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya lura da shi ke nan a 1975, cewa ma'auni yana lalacewa in aka mayar da shi abin da ake farauta. A auna tawaga a dunƙule. Manhajojin ɗaukar hoton fuskar kwamfuta da ƙirga taɓa madannai kuwa, motsin yatsa suke aunawa, ba su san an gama aiki ko ba a gama ba.

In sabunta kati yana cin fiye da minti 2, guraben cikawa sun yi yawa, a rage su. In kuma umarni ya zo ta WhatsApp ko a bakin ƙofa, a buɗe masa kati kafin a taɓa shi, ko da daga shugaban ya fito.